Rage Wuta Ake Yi, Ba a Kashe Ta

Duk macen da ta iya tuwo a murhun itace ta san rabin gwanintar a muciya take, rabi a wuta. Da farko wuta take so sosai. Ta iza itace, ta fifita har ruwa ya tafasa, ta yi talge. Amma da zarar ta tuƙe, sai ka ga ta sunkuya ta zare itace biyu ko uku, ta soka bakinsu cikin toka, ta bar tukunya a kan garwashi tuwon ya sulala a hankali. In ta bar wutar yadda take, kafin ta juya ƙauri ya cika gida, gindin tukunya ya zama ƙanzo. In kuwa ta ɗebo ruwa ta sheƙa, toka ta turnuƙe, murhu ya mutu, tuwo ya fito da ɗanyen gari a cikinsa. A gefe kuma ga 'yar tukunyar miya wadda ba a hura mata wutarta ba, garwashin babban murhu ake ɗiba ana tura mata. Abin da ya sami babbar wuta ya sami ƙarama.

Jikin ɗan Adam yana da irin wannan murhu. A gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro kaɗan, akwai wata 'yar tsoka mai ɓari biyu da likitoci ke kira tayirod. Ita ce in ta kumbura muke cewa maƙoƙo ya fito wa mutum. Aikinta ta tsinci aidin ɗin da ke cikin abinci, kamar na gishiri da kifi, ta haɗa sinadarai biyu, T4 da T3, ta saka su cikin jini. Su ke faɗa wa zuciya saurin da za ta buga, su faɗa wa hanji saurin da zai yi aiki, su faɗa wa jiki yawan abincin da zai ƙona da yawan zafin da zai fitar. Murhun kuma yana da uwargida. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar halitta da ke aiko da saƙo mai suna TSH: in wuta ta yi ƙasa ta ƙara saƙon a iza itace, in ta yi yawa ta janye hannunta.

Wani lokaci sai wutar ta ƙwace wa uwargida. Babban dalilin haka ga mata masu shekarun haihuwa shi ne cutar Graves, wadda ta samo sunanta daga wani likitan birnin Dablin na ƙasar Ailan, Robert Graves, da ya bayyana ta a 1835. A wannan cuta garkuwar jiki ce ke kuskure, ta ƙera wasu sojoji da ake kira TRAb, su je su zauna a gurbin da saƙon TSH ke sauka, su yi ta fifita dare da rana. Uwargida ta janye hannu gaba ɗaya, shi ya sa in an gwada jini ake samun TSH ya yi ƙasa har ya kusa ɓacewa, amma wuta ba ta daina ci ba, domin ba ita ke riƙe da mafici ba. Kusan mata biyu cikin kowace dubu masu juna biyu na ɗauke da wannan lalura.

Wahalar farko ita ce ganewa, domin ciki da kansa yana ƙara wa mace wuta. Mai juna biyu tana jin zafi, tana zufa, zuciyarta na ƙara sauri, ga kasala, ga saurin fushi. Shi ya sa in matar ta yi ƙorafi a gida, amsar da ta fi samu daga uwar miji ita ce, "Haƙuri za ki yi, 'yar nan, laulayi ne, kowa da irin nasa." Sau da yawa gaskiyar Inna ce. Amma akwai alamun da laulayi bai saba zuwa da su ba. Mace tana cin abinci kamar ba gobe, ga ciki na girma, amma a ranar awo ma'auni na nuna ta tsaya cak ko ma tana ramewa. Tana kwance ba ta aikin komai, bugun zuciyarta ya haura ɗari a minti. Sanyin hunturu ya sa kowa ya ƙudundune, ita ta yaye mayafi tana neman iska. Idanu sun ɗan firfito kamar mai mamaki, wuya ya cika.

Likitan da ya yi zargin haka ba ya buƙatar na'ura kafin ya fara. Zai ce, "Hajiya, miƙe hannuwanki gaba, ki ware yatsu." Sai ya ɗora fallen takarda a bayan hannun. Rawar da ido ba ya gani, takarda za ta tona ta, ka ga gefenta na kaɗawa. Zai taɓa tafin hannun ya ji shi da ɗumi da danshi. Sannan ya zagaya bayanta, ya ɗora yatsu a gaban wuyanta, ya ba ta ruwa ta kurɓa. In ta haɗiye, kumburin tayirod yakan hau sama ya dawo. Bayan nan ne zai rubuta gwajin jini: TSH, T4, T3, in da hali da TRAb.

Gwajin nan ne ke raba wuta iri biyu, kuma rabewar tana da muhimmanci ƙwarai. A watannin farko mabiyiya na fitar da sinadarin hCG, wanda shi ne tsinken gwajin ciki ke kamawa a fitsari. Ƙirarsa ta yi kama da ta TSH, don haka in ya yi yawa shi ma yakan iza tayirod. Ya fi yawa wajen mako na 10 zuwa na 12, musamman ga mai ɗauke da tagwaye ko mai aman da ko ruwa ba ya zama a cikinta. Wannan wutar kara ce, ta tashi ɓal-ɓal ta mutu da kanta wajen mako na 14 zuwa na 18. Ta fi cutar Graves yawa nesa ba kusa ba, don tana samun mace ɗaya zuwa uku cikin ɗari, kuma ba a ba ta maganin rage tayirod. Abin da matar ke buƙata shi ne maganin amai, ƙarin ruwa in ta bushe, da sa ido. Wadda aka ɗora a kan maganin tayirod alhali wannan ce ke damunta, an shayar da ita ɗacin magani da haɗarinsa a banza.

Cutar Graves kuwa wutar kirya ce, ba ta mutuwa don an kau da kai. In aka bar ta tana ci, tana iya jawo ɓari, haihuwar bakwaini, jariri mara nauyi, ko ɗa ya mutu a ciki. Ga uwa kuma hawan jinin masu ciki wanda ke kai wa ga jijjiga, da gazawar zuciya, domin zuciyar da ciki ya riga ya ƙara wa aiki ga ta kuma ana kora ta da gudu wata da watanni. Mafi muni shi ne ranar da wutar ta kama ɗaki: naƙuda, ko tiyata, ko wani zazzaɓi ya zo ya tarar da tayirod ba a kan magani ba, sai jiki ya yi zafi rau, zuciya ta rikice, hankali ya gushe. Wannan yana kisa. Saboda haka matar da ta ce ta ajiye ƙwayoyinta don kada su taɓa ɗan cikinta, niyyarta kyakkyawa ce, amma ta bar tukunya a kan wuta ta fita unguwa.

Magungunan da ake rage wutar da su iri biyu ne, kuma asalinsu ya koma ga aikin Edwin Astwood a birnin Boston na Amurka a 1943. Akwai kabimazol, wanda a jiki yake rikiɗa ya zama metimazol, akwai kuma wanda ake taƙaita sunansa da PTU. Dukansu hana tayirod amfani da aidin suke yi, wato suna hana sabon itace shiga murhu. Ba sa taɓa garwashin da ya riga ya ruru, domin tayirod na da ajiyar sinadari ta makonni. Shi ya sa ba a jin sauƙi ranar da aka fara sha. Sai an yi makonni ajiyar ta ragu. Mace da ba a yi wa wannan bayani ba, bayan kwana biyar sai ta ce maganin ba ya yi, ta ninka da kanta ko ta watsar. A wannan tsakanin likita kan ƙara da furofuranolol don ya lafar da bugun zuciya da rawar hannu, amma na 'yan makonni kawai, domin daɗewa a kansa na iya tauye girman ɗan tayi.

Kowane cikin biyun yana da nasa aibi, kuma a nan ne lissafin watanni ke shigowa. Tsakanin mako na 6 da na 10 ake ƙera gaɓoɓin ɗan tayi. Kabimazol a wannan lokaci yana iya jawo tawaya ga yara biyu zuwa huɗu cikin ɗari: a haifi yaro da wani gurbi a kansa da fata ba ta rufe ba, ko kafar hanci a toshe ta baya, ko hanyar abinci ba ta haɗe da tumbi ba, ko hanji ya leƙo ta cibiya. PTU ma bai kuɓuta sarai ba, sai dai tawayar da ake dangantawa da shi ta fi sauƙi. Nasa babban aibin ga hantar uwa yake, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mafi tsanani a kwalinsa a 2010. Saboda haka aka daidaita a kan PTU a farkon ciki, har zuwa wajen mako na 16 kamar yadda ƙungiyar likitocin tayirod ta Amurka ta tsara a jagorarta ta 2017, daga nan likita ya duba ko a koma kabimazol ko a ci gaba. Ƙarfinsu ba ɗaya ba ne: miligiram ɗaya na metimazol yana daidai da kusan ashirin na PTU. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa musanya ɗaya da ɗaya ba aikin kan teburin kemis ba ne.

Yanzu mu koma ga 'yar tukunyar gefe, domin ita ce ta bambanta jinyar mai ciki da ta kowa. A watanni ukun farko ɗan tayi ba shi da wutar kansa. Da T4 ɗin uwa, wanda ke ratsa mabiyiya kaɗan-kaɗan, ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Wajen mako na 10 zuwa 12 tasa tayirod ɗin ke fara tsintar aidin, sai wajen mako na 18 zuwa 20 take tsayawa da ƙafarta. Daga nan murhu ya zama biyu, amma a haɗe suke. Sojojin TRAb na ratsa mabiyiya su fifita wutar yaro, maganin uwa ma na ratsawa ya zare masa itace. Kuma ƙaramin murhu ya fi saurin mutuwa. Adadin maganin da zai mai da jinin uwa daidai wa daida, tsakiyar ma'auni, ya isa ya kashe wutar ɗan tayi, ya bar shi da maƙoƙo tun a ciki, wani lokaci babba har ya tanƙware masa wuya baya ya wahalar da haihuwa ko numfashi.

Dalilin ke nan da likita ke barin wutar uwa da ɗan saura da gangan. Abin da yake nema shi ne T4 ya tsaya a ƙarshen iyakar lafiya ta sama, ko ya ɗan gota kaɗan, da mafi ƙarancin ƙwayar da za ta iya riƙe shi a nan. Ba ya bin TSH ya ce sai ya dawo daidai, don in ya dawo daidai sau da yawa alama ce magani ya yi wa yaro yawa. Matar za ta iya cewa, "Likita, har yanzu fa ina ɗan jin zafin nan." Amsar gaskiya ita ce, wannan ɗan zafin da ta haƙura da shi, shi ne garwashin da aka bar wa ɗanta. Kuma tun da ba a ganin wannan wuta da ido, gwajin jini ne kaɗai leƙa murhu: kowane mako biyu zuwa huɗu da farko, in ta daidaita kowane mako huɗu zuwa shida. Gwajin da tsada, kuma ba kowane asibitin awo ke yin sa ba. Amma shan maganin nan wata tara ba gwaji, girki ne a ɗaki mai duhu. Manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, suna da likitocin wannan fanni tare da likitocin mata, kuma irin wannan ciki can ya kamata a kai shi tun da wuri, ko da sauran awon za a ci gaba da yi kusa da gida.

Akwai hanyoyin da ake bi da wanda ba shi da ciki, waɗanda a nan an rufe su. Aidin mai tururin nukiliya, wanda ake sha sau ɗaya ya ƙone tayirod, shi ne sheƙa ruwa a murhu, kuma yana ratsa mabiyiya ya kashe tayirod ɗin yaro har abada. Ba a ba mai ciki, ba a ba mai shayarwa, wadda ta sha kuma ana so ta jira aƙalla wata shida kafin ta ɗauki ciki. Haka dabarar nan ta ba da maganin ragewa mai yawa sannan a cike gurbin da ƙwayar T4: uwa za ta ji daidai, amma maganin ragewa ya fi ƙwayar T4 ratsa mabiyiya, sai a kashe wa yaro wuta ba a mayar masa da komai ba. Tiyatar cire tayirod kuwa ana ajiye ta ne ga wadda jikinta ya ƙi magungunan biyu ko suka kasa riƙe ta, kuma an fi son yin ta a watanni ukun tsakiya.

Gargaɗi ɗaya ya fi shafarmu fiye da mutanen ƙasashen sanyi. Magungunan nan biyu, ga mutum ƙalilan, ƙasa da ɗaya cikin ɗari, sukan share fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta. Alamar farko zazzaɓi ce da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki. A wurinmu kuwa duk zazzaɓi na sauro ne har sai an ga akasin haka, a aiki yaro kemis ya karɓo magani. Mai shan kabimazol ko PTU in ta ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ta dakatar da ƙwayar, a kai ta asibiti a ranar a ƙirga jininta, tare da gwajin zazzaɓin sauron. Haka in idonta ya yi ruwan ɗorawa, fitsari ya yi duhu, ko ta ji ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kada a tsaya jiƙa sassaƙen shawara, hanta ce ke kuka.

Abin farin ciki, ciki da kansa yana taya rage wutar. Yayin da watanni ke tafiya garkuwar jikin uwa na lafawa, TRAb ya ragu, sai a yi ta rage ƙwaya. Kusan mace ɗaya cikin huɗu ana iya dakatar mata da magani gaba ɗaya a watannin ƙarshe. Duk da haka ana sake auna TRAb wajen mako na 18 zuwa 22, in yana sama a kuma aunawa wajen na 30 zuwa 34. In ya ninka iyakarsa sau uku, ana bin ɗan tayi da sikanin: girmansa, wuyansa, da bugun zuciyarsa, wanda a ƙa'ida yake tsakanin 110 da 160 a minti. Wannan ya shafi har matar da aka cire wa tayirod shekarun baya ko ta sha aidin ɗin nukiliya. Ita ba ta da murhun da za a fifita, amma masu fifitar na iya kasancewa a jininta, su tarar da na ɗanta. Don haka tsohon tabon tiyata a wuya labari ne da ya wajaba a faɗa wa ma'aikaciyar awo tun ranar yankan kati.

Haihuwa ba ita ce sauke tukunya ba. Jariri na fitowa da abu biyu daga uwarsa, magani da TRAb. Maganin na barin jikinsa cikin 'yan kwanaki, sojojin kuwa sai su yi makonni. Shi ya sa yaron da ya fito lafiya lau zai iya rikicewa wajen ranar suna: kuka ba tsayawa, tsotso kamar me amma ba ya ƙiba, jiki da zafi, zuciya na gudu. Abin na wucewa in sojojin sun ƙare, amma kafin nan yana buƙatar likitan yara. Uwa kuma, garkuwar da ta lafa tana farkawa, cutar ta dawo da ƙarfi cikin watannin bayan haihuwa, a daidai lokacin da kowa zai ce gajiyar jego ce. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna alaƙar gazawar zuciyar masu jego da wankan ruwa mai tsananin zafi, kwanciya a gadon wuta da kunun kanwa. Maijegon da tayirod ta riga ta gajiyar da zuciyarta ita ce ta fi cancantar a sassauta mata waɗannan. Nono kuwa kada a hana yaro. Abin da ke shiga nono na maganin kaɗan ne, kuma an yarda da shayarwa a kan metimazol har miligiram 20 a rana ko PTU har 450, a raba shi kashi-kashi, a riƙa sha bayan yaro ya gama tsotso.

Mafi sauƙin wannan jinya duka ita ce wadda aka fara kafin ciki ya shiga. Makonnin da kabimazol ya fi haɗari su ne makonnin da mace ke cewa bari dai ta ga ko ɓatan wata ne, kuma yawancin matanmu ba sa zuwa awo sai ciki ya fito. Macen da ta san tana da wannan cuta, ita da maigidanta su zauna da likita tun kafin su nemi ƙaruwa: a daidaita jininta tukuna, a yanke shawara ko za a koma PTU, ko a gwada dakatar da magani in cutar ta daɗe da lafawa, ko a yi maganin dindindin a jira. In al'ada ta wuce da kwana biyu, a yi gwajin fitsari, a kira likita a makon, kada a ƙara kada a rage kafin a ji daga bakinsa. Maigida kuma ya sa kuɗin gwajin jinin nan a lissafinsa tun kafin na ragon suna. Matan da aka bi da su a haka, mafi yawansu suna sauka lafiya, su da 'ya'yansu.